Ruwan da Masana'antu Ke Ja da Wanda Suke Dawowa da Shi: Amsa ga Manoman Kwarin Tafkin Chadi

Wani dattijo mai noman wake da masara a bakin tafki wajen Baga ya aiko yana tambaya: "Tun muna samari tafki ke ja da baya. Yanzu yara na cewa kamfanoni ne suka shanye shi. Haka ne?"

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Yaran sun ji ƙamshin gaskiya, amma ba a nan take duka ba. A 1963 faɗin Tafkin Chadi ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000. Farin shekarun 1970 da 1980 ne ya fara karya shi, har ya rabu biyu, kwarin arewa da na kudu. Tafki ne mai kama da faranti, ga faɗi ba zurfi, kuma rana da iska kaɗai suna ɗauke ruwan da ya kai tsayin mita biyu a shekara. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke kawo masa daga Chari da Logone yake zuwa, ta ɓangaren Chadi da Kamaru. Namu na Komadugu Yobe ɗan kaɗan ne, shi ma an tare shi tun daga sama: madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ga noman rani na Kadawa, ga ruwan shan Kano da na masana'antunta. Idan aka auna, noman rani ya fi masana'antu jan ruwa nesa ba kusa ba. Wato mu ma manoma da hannunmu a ciki, ko da yake ba ma son jin haka.

Akwai dai wuraren da kamfani ke cin tafki a fili. A Mataccen Teku, tsakanin Jordan da Isra'ila, kamfanoni na janye ruwa suna shanya shi a manyan kududdufai don su kwashi sinadarin fotash, wanda ake sawa a takin NPK da muke saye. Da wannan da karkatar da Kogin Jordan, ruwan na sauka kimanin mita ɗaya kowace shekara.

Abin yi a gonarka: kafa turke a iyakar da ruwa ya tsaya bana, ka riƙa yin haka duk shekara, domin tafkin yana cika yana janyewa, ba tafiya ɗaya yake yi ba. Kada ka zuba irinka duka a rana ɗaya. Bi laima kashi-kashi yadda take sauka, ka bar iri mai saurin nuna don shukar ƙarshe. Kuma kada ka kashe kuɗi mai yawa kan doguwar magudana. Babban aikin noman rani na Kudancin Chadi a Marte ya ɗanɗana wannan: an haƙa magudana, an kafa injuna, ruwa ya gudu ya bar su a tudu.

Mai noman tattasai a bakin Komadugu kusa da Diffa ya ce: "Daga watan Maris sai in ga fari-fari kamar kanwa a gefen fangali, bakin ganye yana ƙonewa. Na ƙara taki, abin sai gaba yake."

Malam, dakata da takin nan tukuna. Takin zamani shi ma gishiri ne, ka ƙara wa Borno dawaki ke nan. Abin da ke faruwa tamkar miya ce a kan wuta: ruwa na ƙonewa, gishiri na nan, sai ta yi zartsi. Duk wanda ya rage ruwan kogi daga sama, kamfani ne ko gona, gishiri da ƙazantar da suka saura sai su yi kauri a wurin na ƙasa. Shi ya sa ja ɗaya a watan Afrilu ya fi ja goma a watan Satumba ciwo.

Ka nemi malamin gona ya gwada maka ruwan da ɗan awon gishiri na aljihu. In awon ya nuna ƙasa da 0.7 ba damuwa, daga nan zuwa 3 sai da dabara, sama da 3 kuwa tattasai ba zai yi maka abin kirki ba. Maimakon yayyafi kullum, ka riƙa ba da ruwa mai yawa jefi-jefi don ya tura gishirin ƙasa da saiwa, amma sai in ƙasar tana tsotsewa. Idan ruwa na kwana a fangali, fara buɗe masa hanyar fita. Dasa a gefen kunya, kada a ƙololuwa, don can gishiri ke taruwa. Rufe ƙasa da ciyawa ko buntun shinkafa, ka yawaita takin gargajiya. Albasa da karas ba sa jure gishiri ko kaɗan. Alkama da dawa sun fi haƙuri, saboda haka ka kai su fangalin da ya fi lalacewa.

Wata baiwar Allah mai lambun latas da alayyafo a gefen Kogin Challawa ta rubuto: "Ruwan yakan zo baƙi da wari, amma ganye yana yin kore shar. Ina laifinsa?"

Hajiya, wannan ce tambayar da ta fi tayar mini da hankali. Koren gaskiya ne, domin dagwalon yana ɗauke da abincin shuka. Sai dai ba shi kaɗai yake tafe ba. Majemun zamani da masaƙu na Challawa da Sharada suna aiki da gishiri mai yawa, da sinadarin kuromiyom na jima, da na rini. Kuromiyom ƙarfe ne, kuma irin waɗannan ƙarafa ba sa ruɓewa. Suna zama a ƙasa shekara da shekaru, wani kaso ya shiga ganye, wankewa kuma ba ta fitar da abin da ya riga ya shige ciki. Ni kaina na taɓa tsayawa a wani lambu inda mai shi ya nuna mini ƙafafunsa duk sun tsattsage, yana cewa sanyi ne. Ruwan da yake tsayawa a ciki ne.

Ranar da ruwa ya sauya launi ko ya yi kumfa, kashe inji. In da hali, haƙa rijiyar fadama nesa da gaɓa, a kai ruwan a gwada. In ba yadda za a yi, a bar ganyen da ake ci ɗanye, a koma masara ko itacen wuta, a ba da ruwa ta kwari kada ya taɓa ganye, masu aiki su sa takalmin roba. Kuma a tuna ruwan nan bai tsaya a Kano ba: yana haɗuwa da Kogin Kano ya zama Kogin Hadejia, ya ratsa fadamun Hadejia da Nguru.

Tambaya ta ƙarshe daga shugaban wata ƙungiyar manoman rani: wani kamfani zai kafa bututu sama da gonakinsu, me za su nema?

Ranka ya daɗe, dokar Najeriya ta 1992 ta wajabta binciken tasirin muhalli kafin babban aiki, kuma ana sauraron jama'ar wurin. Ku je a ƙungiyance. Kada ku yarda da lissafin shekara. Ku tambayi lita nawa za a ja a rana daga Maris zuwa Mayu, ina za a zubar da ragowar, kuma wa zai riƙa gwada ta. Ku ɗebi ruwa a kwalba mai tsabta tun yanzu a gwada, ku ajiye takardar, ku kai kwafi ga hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli da hukumar kogunan yankinku kafin a kunna injin farko.