Tambaya da Amsa: Wai da gaske kulob ɗin hoki na Montreal kofi 24 gare shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ƙanena da ke karatu a Kanada ya aiko min da jar rigar kulob ɗin Montreal Canadiens, yana ta cika min baki wai kofinsu 24, babu na biyunsu a wasan hoki na kan ƙanƙara. Ni dai ƙwallo na sani. Gaskiya ne, kuma ya aka yi suka fara? Daga mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Yaron nan bai yi maka ƙarya ba, kofin Stanley, wato kofin da zakaran shekara ke ɗauka, 24 ne da su, mai bi musu Toronto 13 take da shi.

Wasan dai mutum shida-shida ne har da gola, suna sulɓi a kan ƙanƙara da takalma masu ƙarfe a ƙasa, suna korar ɗan faifan roba da sanda zuwa raga. An kafa kulob ɗin ranar 4 ga Disamba 1909, ya ma girmi NHL ɗin kanta, babbar gasar hoki ta Kanada da Amurka, da aka fara a 1917. Wani ɗan mai kuɗi Ambrose O'Brien ne ya kafa shi, shi kansa Turanci yake ji, amma masu jin Faransanci sun fi yawa a Montreal, sai ya tara musu 'yan wasa daga cikinsu. Sizin ɗin farko kam ba a cewa komai, wasa 12 suka buga suka ci 2, su ne na ƙarshe a tebur.

Kofin farko sai 1916, da suka doke Portland Rosebuds. A 1919 sun sake zuwa fainal da Seattle, ana tsaka da wasannin annobar mura ta kwantar da 'yan wasansu, aka soke gasar ba wanda ya ɗau kofi, ɗan bayansu Joe Hall ma a can ya rasu. Suka ƙara ɗaukar kofin a 1924, 1930 da 1931.

Amma inda za ka gane me kulob ɗin nan yake a zuciyar mutanensa sai a 1955. Ɗan wasansu Maurice Richard, wanda ya fara cin ƙwallo 50 a wasa 50, ya naushi mataimakin alƙalin wasa a Boston, shugaban NHL Clarence Campbell ya dakatar da shi har ƙarshen sizin. Su kuwa masu jin Faransanci gani suka yi dama can masu jin Turanci sun saba taka su, yanzu kuma an taɓa gwarzonsu, shi ko Campbell ko a jikinsa ya taho kallon wasa a filinsu na Forum ranar 17 ga Maris, aka yi ta jifansa da tumatir da ƙwai, wani ya saki tiyagas, rikici ya fantsama titi aka farfasa shaguna, sai da Richard ya shiga rediyo washegari yana ba mutane haƙuri. Shekarar sun sha kashi a fainal hannun Detroit, daga nan fa suka huce haushi, kofi biyar a jere daga 1956 zuwa 1960 ƙarƙashin koci Toe Blake, har yau ba kulob ɗin da ya maimaita. Suka sake jera huɗu daga 1976 zuwa 1979.

Sai dai ni a ganina a rage zuzutawa kaɗan, don daga 1942 zuwa 1967 kulob shida ne kacal a gasar, yanzu kuwa 32 ne. In ƙanen naka ya sake bugo waya, tambaye shi yaushe rabonsu da kofi. Na 24 ɗin a 1993 suka ɗauka, a kan Los Angeles Kings, a 2021 kuma sun kai fainal Tampa Bay ta lallasa su.