Haɗa Python da Odoo: In Rubuta Kai Tsaye Cikin Rumbun Bayanai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Inda nake aiki da manhajar Odoo muke lissafin kaya da ciniki. Na ɗan iya Python, ina so in rubuta shirin da zai riƙa shigar da odar kwastomomi da kansa. Tunda ina da kalmar sirrin PostgreSQL ɗin, wato rumbun da Odoo ke ajiye bayanansa, me zai hana in zuba bayanan kai tsaye cikin teburan?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. PostgreSQL ba zai hana ka ba. Ka ɗauko psycopg2, kayan aikin da ke haɗa Python da PostgreSQL, ka haɗa da tasha 5432, ka rubuta abin da ka ga dama, zai karɓa. Amma ban ba ka shawarar haka ba, ko kusa.

Dalili kuwa, hankalin Odoo ba a cikin rumbun yake ba, yana cikin manhajar da aka rubuta da Python a samansa. Idan ma'aikaci ya shigar da oda ya danna maɓallin tabbatar da ita, ba layi ɗaya kawai ake ƙarawa a teburin sale_order ba. Manhajar ce ke lissafa jimilla da haraji, ta fitar da takardar ɗauko kaya daga sito, ta duba ko mutumin yana da izinin yin hakan, ta rubuta sunansa da lokaci. Kai da ka shigo ta bayan gida duk ka tsallake wannan. Odar za ta fito a allo kamar lafiya lau, sai ƙarshen wata mai lissafi ya ga adadin sito da na ciniki sun ƙi haɗuwa, a rasa daga ina ɓarakar ta fito.

Hanyar da aka tanada ita ce API, wato ƙofar da wani shiri ke bi ya yi magana da manhajar, ta tsarin aika saƙo na XML-RPC, kuma Python na zuwa da xmlrpc.client tun daga gida, ba sai ka sauke komai ba. Idan ba a canza ba, Odoo na sauraro a tasha 8069. Ka fara da /xmlrpc/2/common ka kira authenticate da sunan rumbun, sunan mai amfani da mabuɗinsa, a ba ka lambar shaidar mai amfanin. Da ita za ka je /xmlrpc/2/object ka kira execute_kw: create a kan sale.order, sannan action_confirm, wanda shi ne dai abin da maɓallin nan ke kira. Tun sigar 14 ana iya ƙirƙirar mabuɗin API, ka yi amfani da shi maimakon cusa kalmar sirrinka cikin shirin. Ka kuma buɗe wa shirin asusunsa daban mai ƙaramin izini.

Karatu kai tsaye daga rumbun shi ba laifi, musamman don rahoto mai layuka dubbai inda API ke jan ƙafa, muddin asusun na karatu ne kaɗai. Sai dai ko nan akwai tarko. Za ka nemi qty_available, wato adadin kayan da ke sito, a teburin kaya ka rasa, domin ba a ajiye shi, lissafa shi ake yi daga teburin stock_quant duk lokacin da aka buƙata. Daga sigar 16 ma sunan kaya ba rubutu zalla ba ne, jsonb ne, wato tsararren bayani mai ɗauke da fassarar kowane harshe, sai ka zaro wanda kake so.

Gwajin farko kuma, a kan kwafin rumbun za ka yi shi. Ka ɗauka da pg_dump, umarnin PostgreSQL na kwafar rumbu, ka ɗora a wata kwamfutar, ka kashe aika imel a cikinsa kafin ka fara, kada kwastomomi na gaske su wayi gari da rasitan gwaji.