Amsa: 70-200mm f/2.8 zai yi wa ƙwallo da tsuntsaye?

Malam, ka tambaya ko gilashin kyamara 70-200mm f/2.8 zai ishe ka ɗaukar hoton wasan ƙwallo da tsuntsayen dausayin Haɗeja-Nguru. A ƙwallo ya isa, musamman idan kana bayan raga. A tsuntsaye kuwa ya gaza, don ba sa yarda a matso su. Can sai 400mm ko fiye, don yawan mm ne ke jawo abu na nesa kusa.

Amfanin gilashin 70-200mm ɗin haske ne, don f/2.8 na nufin ƙofar shigar haskensa mai faɗi ce. Idan wasa ya kai magariba, f/2.8 ke barinka a saurin ɗauka na 1/1000 na daƙiƙa, ka tsayar da ɗan wasa cak yana tsaka da gudu, hoton bai yi dishi-dishi ba. Kana iya ɗaura masa ƙarin gilashi mai ninka zuƙowa 1.4x ya kai 280mm, amma zai koma f/4, wato hasken da ke shiga zai ragu. Nauyinsa kuma ya haura kilo ɗaya, gara ka nemi madogari mai ƙafa ɗaya, in ba haka ba hannunka zai sage kafin hutun rabin lokaci.