Zafin bazara, babur da bashin keke: amsa ga mai kai kunun aya Samaru

Wani ɗan kasuwa daga Tudun Wada a Zariya ya aiko da wannan tambaya: "Malam, ina sana'ar kunun aya da soɓo, ina rarraba wa masu shaguna a kan babur ɗina, daga PZ zuwa Kwangila, Palladan, Samaru, wani lokaci har Shika. Sahu uku nake yi a rana, safe, azahar da yamma, kowane sahu yana bar mini kamar naira 4,000 bayan na cire kuɗin kayan haɗi. Tun da zafi ya shigo kasuwa ta buɗe, amma taya ta fashe mini sau biyu, babur yana shan baƙin mai, kuma na kwanta kwana uku har da ƙarin ruwa. Wani ya ce zai ba ni keke mai ƙafa uku, wato Keke Napep, in riƙa biya a hankali. In sayar da babur in karɓa?"

Malam, Allah ya ƙara lafiya, ya sa kaffara ne. Amsata a gajarce ita ce kada ka karɓi keken yanzu. Abin da ke damunka sahun azahar ne, kuma gyara shi bai kai ga cin bashi ba.

Ɗauko biro mu yi lissafin sahun nan shi kaɗai. A ce kana fita kwana 26 a wata, naira 4,000 sau 26 ya ba ka 104,000. Kyakkyawan kuɗi ne a ido. To mu ce fetur ɗin zuwa da dawowa yana cin 1,200, a wata ya tashi kusan 31,000. Ƙanƙarar da kake ƙarawa a kula saboda rana, mu ce 800 kullum, kusan 21,000 ke nan. Sai kwana ukun da ka kwanta. A kwanakin nan duka sahu ukun ka rasa, 12,000 a rana, jimilla 36,000. Abin da ya rage 16,000 ne, kuma ba mu sa kuɗin asibiti ba, ba mu sa tib da taya ba, ba mu sa robobin kunun da suka yi tsami aka dawo maka da su ba. Farashin fetur da na ƙanƙara ni na ƙiyasta, ka sa naka na gaskiya, amma ina kyautata zaton za ka tarar sahun azahar kusan kyauta kake yin sa. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, ba kowace fita ce ke biyan kanta ba, kuma yawancin 'yan kasuwarmu ciniki suke ƙirgawa da dare, ba sa ware abin da kowace tafiya ta ci.

Game da keken kuwa, bazarar Zariya wata uku ce, Maris, Afrilu, Mayu. A Afrilu zafi yakan kusanci digiri 40 da rana tsaka, kowa na neman abu mai sanyi. Da ruwa ya sauka sosai a Yuni kasuwar kunun aya za ta ja baya, da hunturu kuma ka fi ni sanin yadda take. Mai keke ba ruwansa da damina, ranar biya ranar biya ce, kuma kuɗin da ake ɗorawa a biya a hankali ya ɗara farashin hannu da hannu nesa ba kusa ba. Ka auna bashin da cinikin watan Agusta, ba da na Afrilu ba. Ga shi kuma keke ya fi babur shan mai, kuma ba ya kurɗawa cikin cunkoson Kwangila yadda babur ke yi. Inuwar rufinsa gaskiya ce, ban musa ba, amma inuwa ce mai tsada.

Abin da nake ganin ya fi shi ne ka mayar da sahu ukun nan biyu. Ka fita bayan sallar asuba da kaya masu yawa, ka gama da Samaru da Shika kafin ƙarfe goma sha ɗaya. Na biyu bayan la'asar, ka bi na kusa. Masu shagon da ke buƙatar kaya da rana, ka zauna da su ku yi magana. Wanda yake da firiza da sola ko janareta, ka ba shi ninki da safe tare da ɗan rangwame, ko da naira ashirin ce a kan roba, ya ajiye da kansa. Wannan rangwamen ya fi maka arha a kan fetur da ƙanƙarar azahar. In ka samu mutum ɗaya amintacce a Samaru, kusa da jami'a inda ɗalibai ke saye, ka mayar da shagonsa wurin ajiya, ƙananan masu shago su riƙa ɗauka a wurinsa. Sai dai ku rubuta adadin robobi kullum a littafi, kowa ya sa hannu, don zumunci ba ya hana mantuwa. Kunun aya kuma ba ya haƙuri da zafi kamar soɓo, saboda haka shi za ka fara saukewa.

Babur ɗinka, in irin Boxer ne ko ɗan'uwansa, iska ce ke sanyaya injinsa, ba shi da lagireto. Idan ka lafta masa kaya ka tsaya cikin cunkoso inji na aiki, zafi taruwa yake yi, baƙin mai ya tsinke ya yi ruwa-ruwa, ya ƙone da wuri. Ka riƙa duba shi kowace safiya, ka matso da lokacin juye a watannin nan, kuma ka sayi na galan a rufe, ka bar na awo a kwalba a bakin titi. Lita ɗaya ta mai kyau ba ta kai kuɗin sauke inji ba in ya buga. In tsayuwa ta yi tsawo ka kashe shi. Ka wanke laka da ƙurar da ta toshe haƙarƙarin inji, amma da safe yana sanyi. Kada ka yarda a watsa masa ruwa yana tsaka da zafi.

Maganar taya akwai kuskuren da ya yaɗu. Mutane da yawa suna rage iska wai don kada zafi ya fasa ta. Tayar da iskarta ta yi ƙasa ita ce ke lanƙwashewa tana murzuwa a kwalta, ta ɗau zafi daga ciki, musamman da kula biyu a baya. Ka je wurin mai faci da sassafe taya na sanyi, ya auna da geji, ba da bugun yatsa ba. Tib ɗin da ya sha faci uku ko huɗu ka canza shi, don zafi yana ɗaga faci. Tanki ma kada a cika shi har baki, fetur yana kumbura a rana.

Sai kai kanka, wanda in ka kwanta komai ya kwanta. Idan zafin iska ya wuce na fatar jiki, wato sama da digiri 35, iskar da ke dukanka a kan babur ba sanyaya ka take yi ba, busar da kai take yi, gumi ya bushe kafin ka san ka yi shi. Shi ya sa mai singileti ya fi mai doguwar riga wahala. Ka sa riga mai dogon hannu, fara, ta auduga, ka jiƙa rawani ko ƙyalle ka naɗa a wuya, hular kwano kuma tana kai duk da zafinta. Ka sha ruwa a kowane shagon da ka sauke kaya, kada ka jira ƙishi. Abin kunya ne mai ɗauke da kula biyu na abin sha ya faɗi don ƙishirwa, amma yana faruwa. Ruwan gishiri da sikari yana taimakawa ranar da ka yi gumi sosai: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sikari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ko ka sayi na leda a kemis. Fitsari ya yi ja, kai na sarawa, jiri na ɗibarka, to ka faka a inuwa nan take. In mutum ya fara ruɗewa yana sambatu, a jiƙa masa jiki a yi asibiti da shi, ba batun a jira yamma ba ne.

Kuɗin da ka tsira da shi daga sahun azahar, ka ware 1,000 kullum a asusu ko adashi da sunan babur: taya, tib, kaca, juye. In kuma har yanzu ranka na kan keke, ka riƙe littafin ciniki daga yau har ƙarshen Agusta. Idan ribar watan da ya fi kowane muni za ta iya biyan kuɗin mai keke, ta ciyar da gida, ta bar jari bai taɓu ba, ka aiko mini da littafin mu sake dubawa tare.