Ɗalibata Zabiya Ce, Ba Ta Ganin Allo: Sai An Kai Ta Makarantar Makafi?

Tambaya: Ina koyar da aji huɗu a wata makarantar Islamiyya a Aboabo, Kumasi. Akwai yarinya zabiya a ajina, sai ta kai littafi dab da hancinta kafin ta karanta, allo kuwa ba ta ganinsa. Iyayenta sun ce ko dai a kai ta makarantar makafi ta Akropong, ko ta zauna a gida. Mene ne shawararku?

Amsa: Malama, Allah Ya saka da alheri. Zaman gida dai ba ya cikin lissafi. Dokar naƙasassu ta Ghana ta 2006 ta wajabta wa iyaye sa irin wannan yaro a makaranta, manufar ilimin bai-ɗaya ta 2015 kuma ta fi son ya yi karatu tare da sauran yara. Makarantar makafi ta Akropong tana aiki mai kyau, amma yawancin zabiya masu raunin gani ne, da idonsu suke karatu, kuma larurar ba ta saba ƙaruwa har ta kai ga makanta.

A fara kai ta sashen ido na asibitin Komfo Anokye a auna ta. Tabarau zai taimaka, sai dai ba zai gyara komai ba, domin ƙarancin sinadarin launi ya shafi yadda idon ya ginu. Shi ya sa haske ke damunta, ƙwayar idon kuma take rawa.

Sauran aikin a hannunki yake. Ki zaunar da ita a layin gaba, taga tana bayanta ko gefenta, kada ta fuskanci rana. Ki bar ta ta sa hula mai baki a kan hijabinta ko da a cikin aji. Duk abin da kika rubuta a allo ki faɗe shi da baki, ki kuma ba ta shi a takarda. Mai hoton takardu zai iya faɗaɗa shafi daga A4 zuwa A3, baƙin rubutu mai kauri a takardar da ba ta sheƙi.

Darasin Larabci ya fi ba ni tsoro. Wurin da ɗigo yake, ƙasa ko sama, shi ke raba harafin ba da na nun, wasula kuma ƙanana ne, sai yarinya ta yi ta shan faɗa a kan kuskuren da ba nata ba. A samo mata Alƙur'ani mai manyan baƙaƙe, ko a rubuta mata a allon katako da alƙalami mai kaurin baki, ta haɗa da sauraron karatu a waya.

Idan ta kusanto da littafi ko ta karkata kai, kada a hana ta. Ba ya ɓata ido, a haka ne take samun gani sosai.

Ki sa shugaban makaranta ya sanar da jami'in ilimin yara masu buƙata ta musamman a ofishin ilimi na gundumarku tun yanzu, domin in lokacin BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, ya zo a nema mata takardun jarrabawa masu manyan baƙaƙe da ƙarin lokaci tun wajen rajista.