Daga Diani zuwa Malindi: amsar da na tura ta murya

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, barkanmu da warhaka. Ƙanena, na ji saƙonka tun jiya, hidima ce ta riƙe ni, ka yi haƙuri. Ka ce kai da iyali za ku yi kwana uku a Diani, can gaɓar tekun Kenya, daga nan ku wuce Malindi, kuma ka duba taswira a waya ka ga abin bai fi kilomita 150 da 'yar ɗoriya ba, shi ne kake tambaya ko za ku iya karyawa a Diani ku yi azahar a Malindi. To bari in ba ka yadda na gani, tunda na bi hanyar nan sau biyu, sau ɗaya a motar haya, sau ɗaya a shata.

Ka ajiye lissafin kilomita a gefe tukuna. Abin da ke cin lokaci a tafiyar nan Mombasa ce, saboda tsohon garin tsibiri ne, ruwa ya kewaye shi. Diani tana kudu da shi, kamar kilomita 30. Malindi tana arewa, kamar kilomita 120. Ka ga kenan sai ka ƙetare ruwa ka shiga, ka ratsa cunkoson gari, ka sake hawa gada ka fita. Ni a motar haya sai da na yi wajen awa biyar, kuma ba wani tsautsayi da ya faru a hanya, haka tafiyar take.

Daga masauki za ka hau keke mai ƙafa uku, su tuk-tuk suke ce masa, ya kai ka Ukunda, garin da ke kan babban titi. Nan za ka samu ƙananan bas ɗin nan da suke kira matatu, masu cin mutum goma sha huɗu, su sauke ka a Likoni. A Likoni titi ya ƙare, sai jirgin fito. Mai tafiya a ƙasa ba ya biyan ko sisi, motoci ne ke biya. Faɗin ruwan bai wuce rabin kilomita ba, kana hango ɗaya gaɓar ƙarara, har ka ce ai da iyo ma sai ka haye. Ƙetarewar 'yan mintuna ce. Jiran ne abin magana, domin ta wannan mashigin manyan jiragen kaya ke shiga tashar Mombasa, in ɗaya ya taho dole jirgin fito ya dakata ya wuce.

Wallahi ranar farko da aka buɗe ƙofa na ga yadda mutane suka kwararo gangaren nan, sai da gabana ya faɗi. Ga mai keke ya ɗaure jarkoki sun fi shi tsawo, ga mai tura kura da buhunan gawayi yana ihu a ba shi hanya, ga mata da kwanduna a ka, ga 'yan makaranta, kowa na sauri. Gangaren kuma da santsi in ruwa ya janye. Don haka ka riƙe hannun yara gam, waya da kuɗi su koma aljihun gaba ko cikin jakar da ka rungume. Kada ku bi sahun farko, ku ɗan ja baya a rage. Kuma ku guji safiya daga ƙarfe shida zuwa takwas da rabi, lokacin ne ma'aikata ke tururuwar shiga gari, kai ma kuma can ka nufa.

In shata za ku ɗauka, wanda ni shi nake ba ka shawara tunda da iyali da akwatuna, to ka ce wa direba ya bi Dongo Kundu. Sabuwar hanya ce da ta zagaye ruwan ta gadoji, an buɗe ta a 2024, tana fitowa wajen Miritini, kusa da tashar jirgin ƙasan da ke zuwa Nairobi. Ba ruwanka da layin motocin Likoni. Daga can akwai zaɓi biyu: ko ya shiga tsibirin ta Makupa ya fita ta gadar Nyali, ko ya bi ta tudu, ta Kaloleni, ya faɗo babban titi a Mavueni dab da Kilifi. Ku yi wannan maganar da ta kuɗi tun kafin a sa kaya a but, a san ko kuɗin mai na ciki. Kuɗinsu shilin ne, kuma kusan kowa na karɓar M-Pesa, wato biya ta waya, abin da suke yi tun 2007, amma ka riƙe ƙananan takardu saboda masu keke da yaran mota.

Yauwa, ga wani abu kada in manta, don shi ya taɓa kayar da ni. Agogon Suwahili daban yake da wanda ka sani. Su daga fitowar rana suke fara ƙirga awa. Ƙarfe bakwai na safe shi ne "saa moja", wato awa ɗaya. Ƙarfe takwas "saa mbili", awa biyu. Tazarar awa shida ce cif. Ni na yi magana da wani direba da daddare, ina ta fama da 'yar Suwahilin da na tsinta, ya ce zai zo "saa mbili". Na duba a waya na ga mbili biyu ce, na ce to ƙarfe biyun rana kenan, na saki jiki. Washegari ina kwance ko wanka ban yi ba, kaya a warwatse, sai ga ƙwanƙwasa ƙofa ƙarfe takwas daidai. Bawan Allah yana tsaye da makulli a hannu yana murmushi, ni ina tsaye da buroshi a baki. Laifina ne, ba nasa ba. Saboda haka duk wanda kuka yi alƙawari da shi, ka rubuta masa lokacin da lamba a saƙo, ka tabbatar kun fahimci juna, agogon Turawa ake nufi ko nasu. Kalmar safiya kuwa ba za ta ba ka wuya ba, "asubuhi" suke cewa, ka ji asubar nan dai tamu da su duk daga Larabci.

To in motar haya ce, kana sauka daga jirgin fito sai ka sake hawa keke ya ratsa da kai gari zuwa Buxton, nan motocin Malindi ke lodi. Ka tambayi wadda ba ta tsaye-tsaye, ta ɗan fi tsada amma ta fi. Kuma ka leƙa ciki da kyau. Na taɓa shiga wata na ga saura kujera uku, na ce alhamdulillahi yanzu za mu tashi. Ashe rabin na ciki 'yan cika ido ne, duk fasinjan gaske da ya shigo sai ɗaya ya sulale ya fita. Mun fi minti arba'in a wurin, ga zafi ga gumi, iskar teku ba ta shigowa tasha. Ka duba masu kaya a cinya, su ne matafiya na gaske. In za ka sauka a hanya ka ce wa yaron mota "shukisha", zai buga jikin motar da kwabo direba ya tsaya.

Bayan gadar Nyali akwai cunkoso har Mtwapa, lokacin da na bi ma ana aikin faɗaɗa titin. Kana wuce nan hanya ta saki, sai itatuwan kwakwa da kuka da gonakin sisal, wata shuka mai kama da abarba da ake igiya da zarenta. A Kilifi ka zauna ta taga. Gadar ta kai mita 420, an gama ta a 1991, kafin nan su ma jirgin fito ne. Ruwan da ke ƙasa shuɗi ne shar, ga jiragen ruwa masu filafilai a tsaye. In shata ce ku tsaya nan ku huta ku yi salla, masallatai ba sa wuya a duk gaɓar nan.

Sai kuma in tambaye ka, Malindi ɗin dole ce? Domin in wanka a teku da farin yashi kuke so, Watamu ta fi, kuma kafin Malindi take. A mahaɗar Gede ake sauka, 'yan kilomitoci ne zuwa bakin ruwa. Dalili kuwa, kogin Sabaki yana zuba a teku arewa da Malindi kaɗan, akwai watannin da yake kwaso laka ruwan gaban garin ya koma ja-ja. Wanda ya baro Diani da ruwanta garai-garai zai ji ba daɗi. Watamu tana cikin yankin teku da gwamnati ta killace tun 1968, kifaye kala-kala, amma ka tambayi lokacin cikar ruwa da janyewarsa kafin ka biya kuɗin kwalekwale, don sau biyu a yini yake janyewa, wani lokaci ya yi nisa sosai ya bar duwatsu a fili. Daga Afrilu zuwa Yuni kuma damina ce mai ƙarfi, iskar kudu da suke kira kusi tana tara ciyawar teku a gaɓa.

A Gede ɗin nan akwai kufan wani tsohon birnin Suwahili a cikin daji, da masallatai da fada da rijiyoyi, duk na dutsen murjani, mutanensa sun watse tun ƙarni na 17. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2024. Awa ɗaya da rabi ta ishe ku, sai dai ku kula da birai, suna fizge abin da ke hannun yara. Malindi kuma sai ku je ta yini ɗaya daga Watamu, ba ta kai tafiyar awa ba. Ku ga ginshiƙin Vasco da Gama, Baturen Fotugal ɗin da ya sauka garin a 1498 a hanyarsa ta zuwa Indiya. Za ka yi mamakin yawan 'yan Italiya a garin, har yaran bakin teku na jin yarensu.

Abu ɗaya dai da ba na so ku yi shi ne tafiyar dare a titin nan. Da yake kusa da tsakiyar duniya ne, wajen ƙarfe shida da rabi rana ta faɗi, duhu ya rufe nan da nan, ga manyan motoci ga masu babur ba fitila. Kuma a hagu suke tuƙi, in kun sauka za ku tsallaka titi ka fara duba dama. In ni ne, ranar tashi zan sa direba ya zo ƙarfe bakwai, saa moja kenan, mu bi Dongo Kundu, mu ci abincin rana a Kilifi, la'asar ta same mu a Watamu. Ka turo min ranar da za ku tashi daga Diani in duba maka ko ta faɗo Juma'a, sai a gyara lokacin. A gaida maiɗakin da yara. Sai na ji ka.