Amsa ga ɗana kan kogi da al'adun bakin ruwa

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso, gida kowa lafiya. Ka tambayi me ya sa ake cewa kogi sai ya ci mutum duk shekara, kuma ko halal ne abin da wasu masunta ke yi kafin a buɗe kamun kifi, wato yanka a bakin ruwa da jiran izinin Sarkin Ruwa, shugaban masunta. Waɗannan abubuwa ba hukuncinsu ɗaya ba, kuma ba za ka iya rarrabe su ba sai ka san kogin kansa.

Ruwan da ke wucewa ta Ringim zuwa Haɗeja na koguna biyu ne. Kogin Kano yana gangarowa daga duwatsun kudu, shi aka tare a Tiga a 1974. Kogin Chalawa yana zuwa daga yamma, shi kuma aka yi masa madatsa a ƙasar Ƙaraye a 1992. Suna haɗuwa kudu da birnin Kano, su bi ta Wudil, daga nan a kira shi kogin Haɗeja. Can gaba, wajen Gashuwa, ya sadu da kogin Jama'are wanda ya taso daga tsaunukan Jos, su zama Komadugu Yobe, su zube a Tafkin Chadi. Ruwanmu ba ya zuwa teku, ba kamar na Kaduna da na Sakkwato da ke bin Neja ba.

Abin lura shi ne ƙasar da yake bi. Kafin Wudil akwai dutse da gangare, ruwa na tafiya a matse. Da ya shigo Jigawa sai ya tarar da shimfiɗaɗɗen yashi, ya rage gudu, ya rabu rassa, ya malala fadamu. Dalilin arzikin shinkafa da kifi na Auyo, Haɗeja, Kirikasamma da Guri ke nan, kuma dalilin ambaliya irin ta 2022 ke nan. Tun da aka yi madatsun, wasu rassan ba sa ƙafewa da rani, sai ciyawar kachala ta samu wurin zama. Tana toshe hanyar ruwa ya koma gonaki, tsuntsu jan-baki kuma ya kwana a cikinta ya wayi gari a kan shinkafa.

To, maganar cin mutum. Ƙasan kogin yashi ne, yashi kuwa tafiya yake yi. Mashigin da ruwa ya tsaya maka a gwiwa bara, bana yana iya shanye mai tsawo. A kowace kwana, gefen da gaɓa ta miƙe tsaye nan ne zurfi, domin nan ruwa ke ci. Gefen da yashi ya kwanta shi ne mara zurfi. Masu ɗiban yashi suna barin ramuka, ruwa ya rufe su ba alama. Sannan a watan Agusta da Satumba ana iya yin ruwa can kudu ko madatsa ta yi amai, kogi ya cika alhali ko gajimare babu a garinku. Ƙara da jirgin fito da ake labta wa mutane da babura da buhuna, ga magariba ta yi. Wanda ya haɗa waɗannan ba ya buƙatar aljani ya ja ƙafarsa. Aljanu gaskiya ne, Alƙur'ani ya ambace su, amma cewa kogi na bin gari bashin rai kowace shekara ba shi da tushe a addini. Wanda ya nutse, hadisi ya lissafa shi cikin shahidai, sai dai ana yi masa wanka da salla kamar kowa.

Yankan kuwa tsohon abu ne. Tarihin Kano ya kawo cewa tun zamanin Barbushe mutanen Dala na kai hadaya Jakara, wurin da ake kira Kurmin Baƙin Ruwa. 'Yan bori ma suna da Sarkin Rafi cikin iskokinsu. Ragowar wannan ne baƙin bunsuru ko kaza da ake zubar da jininsu a gaɓa don masu ruwa su yi haƙuri. A nan babu kwana-kwana: yanka don wanin Allah haramun ne, namansa mushe ne, aya ta 3 a Suratul Ma'ida ta faɗa. Ko an yi bisimilla da baki, in niyyar ta neman yardar 'yan ruwa ce, bisimillar ba ta gyara komai ba. Mai son sadaka ya yanka a gida ya raba wa mabuƙata.

Amma kada zafin ƙuruciya ya sa ka haɗa da Sarkin Ruwa ka watsar. Jiran izininsa tsari ne, ba bauta ba. Idan ruwa ya janye bayan kaka, kifi na taruwa a gurabe. Sai a hana shiga har tarwaɗa da ƙarfasa su yi girma, a sa rana, a shiga tare da koma da gora, kowa ya samu. In an bar kowa ya shiga ran da ya ga dama, mai taru zai kwashe cikin dare. Sarkin Ruwa ne ke hana raga mai ƙananan ido da zuba guba, shi ya san inda gurbi ya koma bana, shi ake tasa idan wani ya nutse. Wannan a riƙe shi da hannu biyu. In akwai gyara, a cire yankan, liman ya buɗe da addu'a.

Inda addini ya fi shiga harkar kogi, a ganina, shi ne tsarki, kuma nan aka fi sakaci. A mazhabarmu ta Malikiyya ana duba launi da ɗanɗano da ƙamshi. Jan ruwan damina da laka ta rina, ko wanda gansakuka ta sauya, ana alwala da shi, domin abin da ya sauya shi na mazauninsa ne. Wanda najasa ta sauya ba a alwala ba a girki. Wanda abu mai tsarki ya sauya, kamar sabulu ko rini, bai zama najasa ba amma ba ya ɗauke hadasi. Don haka a yi hattara da rafin Jakara bayan ya ratso birnin Kano, da Chalawa inda ruwan masana'antun jima ke zuba. Annabi (SAW) ya hana fitsari a ruwan da ba ya gudu, ya kuma hana bayan gida a mashaya. Dubi tsargiya: mai ita ya yi fitsari a kududdufi, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya shiga dodon koɗi, ya fito ya huda fatar yaron da ke wanka. Mutanen zamanin da har cewa suke fitsarin jini alamar balaga ce. Ciwo ne, a kai yaro asibiti.

Saura zakka, tunda kana shirin noman rani. Shinkafar da ruwan sama ko malalar kogi ta shayar, ɗaya cikin goma ake fitarwa. Wadda ka shayar da inji ko jigo, ɗaya cikin ashirin, saboda wahala da kuɗin mai. Nisabi wusuƙi 5 ne, wato sa'i 300, ko mudun Annabi 1,200. Alkama da masara haka. Tumatir, albasa da attaruhu ba a fitar musu da zakka ranar girbi a wurin Malikiyya, sai dai kuɗinsu in ya kai nisabi ya shekara. Idan gona ta sha damina rabi, inji rabi, a raba lissafin biyu. In ɗaya ya rinjaya sosai, ka zauna da malami da adadin buhunanka kafin ka auna.

Ka gaida mahaifiyarka da ƙannenka.

Baffanka.